Ɗanyen abinci da goyo a baya: daga Janairu zuwa Afrilu

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na fara. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara ko nono, kuma duk abin da ya hau wuta na ajiye shi. Saura kwana tara Ummi ta cika wata uku. Nono zalla take sha, ko ruwa ba na ba ta.

Jinina ya hau a watan ƙarshe na cikinta, har aka kwantar da ni kwana huɗu, kuma tun daga nan tsoro bai sake ni ba. Umma shekara tara ke nan tana kan maganin ciwon suga, ina kallon yadda take ƙirga loma. Na gama wanka da kilo 72, in na daɗe a kan keken ɗinki sai ƙafafuna su yi nauyi. Ga kuma bidiyoyin da nake kallo cikin dare ina shayarwa, na matan Amurka da Ostareliya da suka ce a kan 'ya'yan itace da ɗanyen ganye kawai suke rayuwa, da jariransu ɓul-ɓul a hannu. Sun ja hankalina ƙwarai.

Naira 10,000 na ware a mako, daga kuɗin ɗinkina. Kuɗin cefane ba zan taɓa shi ba, Abban Walid da Walid za su ci gaba da cin tuwonsu. Bai hana ni ba, sharaɗi ɗaya ya gindaya. "Duk ranar da sikeli ya nuna yarinyar nan ta tsaya, magana ta ƙare." Na ce na yarda. Ni ma dai abin da ke zuciyata ke nan.

Asabar, 11 ga Janairu

Na je Yankaba da sassafe, hazo ya rufe gari, Ummi na bayana cikin zani biyu. Ashe na fara a kan gaɓa, don yanzu ne kayan lambu ke kwance a Kano. Tumatirin noman rani ya shigo daga wajen Kura da Kadawa, kabeji, karas, salak, lansir, kokwamba, komai kashi-kashi. Na cika jaka biyu ban kai rabin kuɗin mako ba. Ragowar na sayi kankana ɗaya da lemo da ayaba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ruwa. Wanda zai dafa ganye ɗauraya biyu ta ishe shi, wuta za ta ƙarasa aikin. Ni da zan ci ɗanye sai na ware salak ganye-ganye, na wanke, na jiƙa da gishiri da ɗan ruwan kal, na sake ɗaurayewa da ruwan da zan iya sha. Kowa a garin nan ya san akwai lambunan da ake bayi da ruwan kwata a bakin Jakara, kuma a kasuwa ba a rubuta wa kabeji inda ya fito. Jarka ɗaya ta ƙaru a kan abin da mai ruwa ke kawo mana kullum.

Na kuma yi zaton gas zai ragu. Bai ragu ba ko kaɗan, tunda tukunyar gidan ba ta sauka ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Yunwa. Ba irin wadda na sani ba. Ciki a cike yake dam, har numfashi nake da ƙyar bayan na tashi da kwanon salak, amma kafin awa guda hannuna ya fara rawa. Jiya ƙarfe uku na dare Ummi na tsotso, ni kuma ina tsaye a kicin ina ɓare ayaba da hannu ɗaya.

Yau na zauna da biro da takarda na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in fara. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, wajen 500 a rana a kan abin da take ci a da, domin jiki na fitar da nono kusan mililita 750 kullum, kuma ba daga iska yake yin sa ba. To giram 100 na kokwamba kalori 15 ne. Kabeji 25, kankana 30, karas wajen 40. Wato ƙarin nan na 500 kaɗai, in daga kokwamba zan samo shi, sai na cinye fiye da kilo uku. Daga kabeji kilo biyu. Ba ma a zo kan abincin da ni kaina zan rayu da shi ba.

Gyaɗa kuwa giram 100 ta haura kalori 560, ga furotin kusan giram 26. Riɗi ma kalorinsa haka yake. Dabino wajen 280, ayaba kusan 90.

Nan na gane inda araha ta yaudare ni. Jakunkunan da na ciko ina murna, ruwa na saya. Abin da ke riƙe ciki, wato gyaɗa, riɗi, dabino, aya, kwakwa, su ne masu tsada, kuma su ne ban saya ba. Matan cikin bidiyo suna da almon da kashu da fiya a firji mai wuta dare da rana, ba su taɓa faɗin nawa suke kashewa ba. Mako mai zuwa zan juya lissafin: kashi biyu cikin uku na kuɗin ya tafi Kasuwar Rimi wajen masu gyaɗa da aya da dabino, ganye ya samu abin da ya rage.

Talata, 21 ga Janairu

Rigakafin mako 14. Ummi kilo 5.9, ɗigonta na kan layi a katin awo. Alhamdulillahi. Jinina ma ya yi kyau. Ni kilo 70.

Da layi ya ragu na gaya wa Sista abin da nake yi. Ta ajiye biro ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. Ba ta yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Maman Ummi, B12 fa, a ina kike samunsa?" Na ce ina cin zogale. Ta girgiza kai.

Ga abin da ta fahimtar da ni, na kuma dawo gida na bincika na tarar haka yake. Bitamin B12 a nama, kifi, ƙwai da madara ake samunsa, ko a abincin da aka ƙara masa shi a masana'anta, ko a ƙwaya. Babu ganyen da za a dogara da shi, zogale ne ko wani garin tsanwa da ake tallatawa. Abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne, a lissafin Amurka mikirogiram 2.8 a rana ga mai shayarwa, a na Turai 5. Babba yana da ajiya a hanta da za ta kai shi shekaru bai ji komai ba. Jariri mai shan nono zalla kuwa abin da ya zo masa a nonon nan shi ne rabonsa, kuma ƙwaƙwalwarsa na tsakiyar ginuwa. Uwa tana iya yawo garau, nononta ya riga ya talauce. Alamomin sukan bayyana ne a watannin da ke gabanmu yanzu: sanyin jiki, ƙin kama mama, yawan barci, yaro ya daina abin da ya riga ya iya. In an makara, wata ɓarnar ba ta gyaruwa.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta hana ni barci.

Ta tura ni wajen likita, ya rubuta min ƙwayar B12 da maganin ƙarin jini. A kemis yaron shagon ya miƙo min ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da kowa ke sha, ya ce ai duk bitamin B ne. Na karanta jikin robar, B1, B2 da wasu, babu 12. Sai a shago na uku na samu. Don Allah duk wadda za ta saya ta karanta da idonta.

Sista ta kama ni a kan gishiri ma. Na kusan daina ci, saboda jinin da kuma maganar bidiyo. Ta ce kaɗan ya isa, amma ya zama na leda mai sinadarin aidin, don Hukumar Lafiya ta Duniya mikirogiram 250 ta ce mai shayarwa ta samu a rana, kuma ganye ba zai ba ni ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Hajiya ta zo ganin takwararta, da kular farfesun ƙafar sa a hannun yarinyar da ta rako ta. Labari ya riga ya kai mata. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta karɓi Ummi ta juya ta, ta matsa cinyarta, ta leƙa idonta. Sannan ta dube ni.

"'Yar nan, me aka yi miki a gidan nan da kika koma cin ciyawa?"

"Hajiya, ba a yi min komai ba wallahi. Saboda jinin nan ne."

"To ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai jego ba ta wasa da ciki."

Na yi mata bayani gwargwadon iyawata, har da cewa ban haramta wa kaina abin da Allah ya halatta ba, lafiya nake nema. Ta yi shiru. Can ta ce a kawo mata gero da turmi. Ta sa aka surfa, aka wanke tas, ta zauna kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni har aka daka shi luƙui da dabino da citta da kanumfari. Gumba. Ta dunƙula ta miƙo min. "In dai ɗanye kike so, ga namu. Ba Turawa suka fara ba."

Ranar ce farkon da na ƙoshi tun da na fara. Farfesun Abban Walid ya shanye, ba ta sake tayar da maganarsa ba, amma na ga yadda ta kalli kular da za ta tafi, abin ya tsaya min a rai.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Tsarin yanzu: da safe kunun aya da dabino da kwakwa, in an kawo wuta bilenda, in babu a kai markaɗe. Ba ya kwana, kafin la'asar ya fara tsami. Da rana kwaɗon lansir ko kabeji da tumatir da albasa, da dakakkiyar ɗanyar gyaɗa da riɗi maimakon ƙuli, tunda ƙuli soyayye ne. Da dare gumba da ayaba, da garin 'ya'yan kuka da na dama da ruwa. Shi wannan yana da bitamin C sosai, da shi nake haɗiye maganin ƙarin jini. Shayi kam na nisanta shi da maganin, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Gyaɗa tana cin lokaci. Ina baza ta a faifai a bakin ƙofa inda haske yake, in bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙanƙancewa, mai baƙin ido, mai ɗan kore-kore a tsaga, wadda ƙwaro ya huda, duk gefe. Fumfunar da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana da guba mai lalata hanta, tana bi ta cikin nono, kuma ko suya ba ta kashe ta gaba ɗaya. A kowane kwano sai na zubar da abin da ya kai cikin tafi biyu, kuɗina ne nake kallo a ƙasa.

Na jiƙa hulba don ta tsira, kamar yadda suke yi a bidiyo, tunda dama ana ba masu jego ita. Kwana uku ta fito da farin wutsiya, amma da wani wari. Da na bincika sai na ga a 2011 tsiron hulba ne ya haddasa annobar gudawa mai jini a Jamus, mutum sama da 50 suka mutu. Ɗumi da laimar da iri ke so don ya tsira su ne ƙwayoyin cuta ke so. Na juye ta a shara. Wake da waken suya da rogo dama ban kusance su ɗanye ba, rogo yana da guba sai an jiƙa an dafa, wake kuma ciki ba ya iya masa sai ya nuna. Sai dai fa wake shi ne furotin ɗin talaka, kuma ga shi tsarin nan ya raba ni da shi.

Kuɗin makon nan ya kai 13,500.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na tashi daga sujada a sallar azahar, ɗakin ya juya min. Na dafa bango na zauna. Kilo 66 a sikelin maƙwabciyata. Gashina na zuba, ko da yake a goyon Walid ma ya zuba a daidai wannan lokacin. Ummi na mura, tsotsonta ya ragu, tana ta ƙananan kuka da yamma.

Talata, 18 ga Fabrairu

Kilo 6.1. Giram 200 kacal a mako huɗu.

Na tsaya ina kallon Sista tana ɗiga biro a katin. Ɗigon bai faɗo ƙasa ba, amma layin da ke hawa ya kwanta. Ta ce murar na iya zama sanadi, yara kan yi haka, kuma jikin uwa yakan ci kansa ya kare nono kafin ya bari ya ragu. Ba ta ce laifina ne ba. Amma ta ce in dubi kaina: kilo 6 a mako biyar, alhali mai shayarwa ba a so ta wuce rabin kilo a mako. Ta ce abin da nake kira nasara, jiki ne ke kwashe rumbunsa.

Na taɓa karanta wani bincike da aka yi a Giessen ta ƙasar Jamus, aka wallafa a 1999, a kan mutanen da suka daɗe a kan ɗanyen abinci. Kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba, al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Lokacin na karanta na wuce. Yau a cikin adaidaita sahu, Ummi na barci a ƙirjina, shi ne ya dawo min. Waɗannan ba masu goyo ba ne, kuma ba kuɗi ne ya gaza musu ba.

Na nuna wa Abban Walid katin tun kafin ya cire takalmi. Ya daɗe yana dubawa. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ce, "Me za a sayo?" Na ce wake.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Faten wake da alayyahu da manja. Na ci kwano guda a zaune a tabarma, zufa na karyo min, hawaye ma sun zo ban san dalili ba. Daren nan na yi barcin da rabona da shi tun Janairu.

Ga yadda na tsayar. Safe da rana ɗanye kamar da, don ya karɓe ni kuma jinina ya zauna. Dare dafaffe: wake, alala, awara, ɗanwake, tuwon dawa miyar kuka da daddawa. Kunun gyaɗa in na farka cikin dare. Nama da ƙwai har yanzu ban koma ba, B12 kuwa ko kwana ɗaya ba na tsallakewa. Abin mamaki, kuɗin ya sauko ƙasa da 10,000, don kwanon wake ɗaya yana yin aikin da dabino da aya na ninkin kuɗinsa ba su yi ba.

Lahadi, 2 ga Maris

Jiya aka ɗauki azumi. Ban ɗauka ba, kuma ya yi min ciwo. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce a mazhabar Malikiyya mai shayarwar da ke tsoron cutuwar ɗanta za ta sha, ta rama daga baya, ta kuma ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Da katin Ummi a haka, ban ga wata hanya ba. Ina zama da su a wajen buɗa-baki, ni ke yanka kankana da gwanda. Ayaba da kankana sun yi tsada a 'Yan Lemo kamar kowane azumi, na koma kan karas da yalo.

Talata, 18 ga Maris

Kilo 6.6. Rabin kilo a wata guda, layin ya sake ɗaga kai. Na yi sujada a gida. Ni ina nan a 66, ban ƙaru ba ban ragu ba, jirin ya tafi.

Ba zan iya rantsuwa cewa wake ne ya yi aikin ba, murar ma ta warke a tsakani. Amma ba zan sake gwadawa a jikinta don in tantance ba.

Tana juyawa da kanta yanzu, tana kama ƙafarta ta kai baki, in Walid ya yi mata wasa ta ƙyalƙyale. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ina lura da shi fiye da yadda na lura a goyon fari, saboda maganar Sista.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ranar Sallah a gidan Hajiya na ci naman kaza, tsoka biyu. Da hannunta ta zuba min, ban iya cewa a'a ba, kuma gaskiya ban so in ce ba. Ta yi ta sa min albarka.

Zafi ya shigo da ƙarfinsa. Salak ya ɓace, lansir ya yi wuya, tumatir ya fara hawa. Kwaɗon da na haɗa da safe kafin azahar ya yi laushi ya saki ruwa, firji kuwa sai an ga wuta. Mangwaro ne ya cece ni, shi da kokwamba. Damina na tafe, lokacin da amai da gudawa ke yawo, kuma na riga na yanke cewa in ruwa ya sauka ganyen da ba a ɓarewa zai riƙa shiga tukunya. Abin da ke da ɓawo ne kawai zan ci ɗanye.

Wata maƙwabciya mai ciki wata bakwai ta ga na faɗa, ta ce in rubuta mata tsarin. Na ɗauko katin awon Ummi na nuna mata inda layin ya kwanta a Fabrairu, na ce ta fara zuwa wajen awo da maganar tukuna.

Talata, 15 ga Afrilu

Wata shida cif. Kilo 7.0. An yanke bakin shuɗin kafson bitamin A an matsa mata a baki, ta yamutsa fuska ta haɗiye. Jinina lafiya lau. Likita ya ce in ci gaba da B12 muddin ina shayarwa kuma ban koma cin nama da ƙwai sosai ba, wata mai zuwa a sake auna jinina.

Abincin Ummi ba na cikin wannan gwaji. Ajiyar sinadarin ƙarfen da jariri ke zuwa da ita duniya tana ƙarewa a daidai wannan lokacin, don haka za ta ci dafaffen ƙwai, da hanta, da kifi, da wake, duk abin da aljihu ya iya, ga nono har shekara biyu in Allah ya yarda.

Da yamma na dama mata kunun gero mai kauri da garin gyaɗar da na tsince da hannuna. Hajiya ta ce ita za ta fara ba ta. Cokali na farko ta turo shi da harshe ya gangaro haɓarta, na biyu ta riƙe a baki tana kallonmu, na uku ta kama cokalin da hannu biyu. Gobe da safe zan gwada mata gwaiduwar ƙwai. Asabar kuma Rimi, gyaɗa ta ƙare.